Taiba mai bandar kifi

Taiba ba ta da haƙuri, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Tuwonta sau da yawa da gudaji yake sauka, don ba ta iya jiran ruwa ya tafasa sosai. In an yi mata magana sai ta ce haka Allah Ya yi ta, mai son tuwo mai laushi ya tafi gidan uwarsa.

Ƙuli-ƙuli take yi a wani ƙauye kusa da Maradun, da gyaɗar gonar mijinta marigayi. Da aka tare ruwan Bakolori, tafki ya haɗiye gonar. Yayanta Sambo ya zo daga Morai, bayan doguwar gaisuwa ya ce ta tattara 'ya'yanta ta koma gidansa. Taiba ta san abin da ke jiranta can: zaman ɗaki ɗaya da jiran a auna mata hatsi. Ta roƙe shi ya bar ta zuwa damina. In ba ta iya ciyar da gidanta ba, za ta bi shi.

Lokacin masunta sun fara sauka bakin tafkin, kifi ya yi araha. Ta sayi tarwaɗa, ta hura wuta da ɓawon gyaɗa, ta gasa kifin yadda ta saba suyar gyaɗa, wuta bal-bal, tana juyawa da sauri. Waje ya yi baƙi, ciki ɗanye. Kafin ranar kasuwar Talata Mafara tsutsa ta fito.

A kasuwar ta ga wata Selina, matar Solomon makaniki, Kirista 'yar kudu, ana rububin bandarta. Taiba ta bi ta har gida, ta ce a gaya mata sirrin. Selina ta ce babu abin faɗi, ta zauna ta gani. Sai Selina ta lanƙwasa kifi ta soke da tsinke, ta jera a ragar waya bisa rabin ganga, ta danne wutar da ɗanyen itace har ya rage hayaƙi kaɗai. Taiba ta miƙa hannu za ta juya, Selina ta buge hannun.

"Mama, ina za ki? Kifin nan ya ce miki yana sauri?"

"Ke ɗiyar ga, ni za ki buga? Na haife ki fa."

"To haifi kifin ma, ki jira ya girma."

Taiba ta yi ta zuwa, tana mita tana koyo. Ta gane itacen da ke sa ɗaci, ta gane ƙarar busasshen kifi in an ƙwanƙwasa. Haƙurin bai zo ba. Dabara ta yi: in ta ɗora kifi sai ta tafi ɗibar ruwa nesa, don kada hannunta ya kai.

Da damina ta faɗi Sambo ya dawo, ya tarar da buhun gero a ɗakinta. Bai sake maganar tafiya ba. Daga baya ma 'yarsa Marka ya turo ta koya.

Da Taiba ta tsufa, 'ya'yanta suka tashi kewaye gidan da katangar bulo. Ta ce su gina, amma su bar gangunan banda a waje, bakin hanya, kuma duk matar da ta tsaya kallo a ba ta kujera, kada a tambaye ta ko 'yar wane ce.