Lauwali Dogo da Kawunsa Mamuda

Duk wanda ya yi sakandare a Kazaure bayan yaƙin basasa, lokacin garin na cikin Jihar Kano, ya san Lauwali Dogo, Bafulatanin Gwiwa, wanda daga baya ya tsufa yana malamin wasanni a Roni. Bai taɓa ganin ƙwallon kwando ba sai ranar da Malam Kaumi, malamin wasanninsu ɗan Barno, ya hango kansa sama da na kowa a layin abinci.

"Kai dogo, zo nan. Ɗaga hannu." Ya ɗaga. "Shi ke nan, ka samu aiki. Tsaya ƙarƙashin kwandon can, duk wanda ya zo ka hana shi."

Ya kuwa riƙe aikin. Yana aji huɗu aka ce ƙungiyar wata kwalejin horon malamai za ta zo wasa, kuma mutanen Kano za su zo su ɗauki dogon ɗan wasa ɗaya don ƙungiyar jiha. Kowa a makarantar ya ɗauka Lauwali za a ɗauka.

Sai motar baƙi ta tsaya, Mamuda ya sauko cikin 'yan wasan kwalejin. Mamuda shi ne autan su mahaifiyar Lauwali. Shekarun da ya ba Lauwali kaɗan ne, amma kawu kawu ne. A gida Lauwali ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, in sun haɗu a burtali shi ke sauka gefe ya ba shi hanya.

Wasa ya yi zafi. Saura ƙiris a tashi, Kazaure na gaba da maki ɗaya, Mamuda ya taho da ƙwallo, babu kowa tsakaninsa da kwando sai ɗan yayarsa. Bai ko ɗaga murya ba.

"Kai yaro, kauce."

Kafin Lauwali ya yi tunani, ƙafafunsa sun riga sun kauce. Ƙwallo ta faɗa kwando, aka busa tashi. Mutanen Kano suka tafi da sunan Mamuda.

Malam Kaumi ya taho yana huci. "Me na gani yanzu?"

"Kawuna ne, Malam."

"Kawunka ne! To ni ma kawun wasu ne, a kawo mini kofi har gida mana!"

Tun daga ranar ɗalibai suka sa masa Wuce Kawu. In ya shigo ɗakin cin abinci sai su dare biyu suna rusunawa: "Bismilla, Kawu, wuce!" Malam Kaumi kuma ya ce baɗi wani zai tsayar a wurin.

"Malam, ba zan bar wurin nan ba."

"Ai ka riga ka bar shi, a gaban jama'a."

"Sau ɗaya na bari."

Da aka yi hutu ya koma Gwiwa, ya tarar labari ya riga shi. Mahaifiyarsa Fatu har da ƙara masa nono a fura, tana ta yabon ɗanta mai kunya. Ranar kasuwa ya sayi goro, ya sami Mamuda a gindin tsamiya cikin rigar 'yan wasan jiha, dattawa zagaye da shi. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye goron.

"Kawu, izini na zo nema."

"Na me? Aure za ka yi?"

"Na in tare maka hanya."

Dattawa suka fashe da dariya. Lauwali bai ɗago kai ba.

"A gida da burtali da kasuwa, hanya taka ce har in mutu. Amma ƙarƙashin kwando wurina ne. Na faɗa a gaban manya don kada gobe a ce na ci mutuncinka."

Mamuda ya ɓare goro ya jefa a baki. "Kada ka ɗauka suɓutar baki na yi ranar nan. Na san za ka kauce, shi ya sa na faɗa. Kuma zan sake faɗa."

"Ka faɗa, Kawu."

Sai da Lauwali ya yi zangon karatu guda yana sharar fili da ɗaukar ƙwallaye kafin Malam Kaumi ya gaji da ganinsa ya mayar da shi wurinsa. Shekara ta zagayo, kwalejin ta dawo har da Mamuda, mutanen Kano ma suka dawo, ga Lauwali a ajin ƙarshe. In bai samu bana ba, shi ke nan.

Tun farkon wasa Mamuda ke yi masa raɗa a kunne. "Kauce, ɗan Adda." Adda yake kiran yayarsa Fatu. Lauwali ya kafe ƙafa. Can Mamuda ya taho a guje da ƙarfinsa duka, yana zaton ko a ƙarshe za a matsa masa. Ƙirji ya haɗu da ƙirji. Mamuda ya zube a kan siminti, gwiwarsa ta fashe, alƙalin wasa kuma ya ce Mamuda ne mai laifi. Lauwali ya tsaya hannu a sama, bai ko sunkuya ba. Da aka tashi, mutanen Kano suka ce wa Lauwali ya haɗa kayansa, shi suka ɗauka.

A Gwiwa wannan karon babu ƙarin nono. Fatu na tankaɗe, ba ta amsa gaisuwarsa ba sai da ta ga dama.

"An ce ka kayar da ƙanena a gaban mutane."

"Da izininsa, Inna."

"Izini! Jininsa fa ya zuba. Ka je ka ba shi haƙuri."

"Na je na duba ƙafar, na yi masa sannu."

"Haƙuri na ce."

Lauwali na durƙushe, idonsa a ƙasa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Inna, ki gafarce ni. In na ba shi haƙuri ƙarya na yi, don in ya sake tahowa nan zai same ni."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Washegari ya bi motar kasuwa zuwa Kazaure, daga can ya wuce Kano.