Ƙasar Gindin Mahuwa

Budram Tekam ɗan jagora ne a gandun damisa da ke bayan garinmu, shekara ashirin da biyu ke nan. Aikin ba wani mai yawa ba ne a ido. Ya zauna a bayan jif tare da baƙi 'yan yawon buɗe ido, ya kasa kunne. In biri ya yi tari a saman itace, ko barewa ta ƙwalla ƙara, sai ya taɓa kafaɗar direba ya nuna hanya da haɓa. Sau biyu a yini, da sassafe da kuma la'asar. Kafin mota ta shiga ƙofar gandu yakan juya ya faɗa wa baƙi magana guda, wadda ya maimaita har ba ya jin fitarta daga bakinsa: "Ba a sauka daga mota. Ko me ya faru, ba a sauka."

A cikin gandun aka haife shi. Filin ciyawar nan da baƙi ke tsayawa suna ɗauka a hoto suna cewa kai, wuri kamar ba a taɓa taka shi ba, garinmu ne na da, Kosamdi. Budram na da shekara goma sha tara aka ce daji na damisa ne, aka kwashe mu a manyan motoci aka sauke mu a bakin ƙofar gandu. Damina uku ta isa ta narkar da gidajen laka. Bishiyoyin mahuwa ne kawai suka rage, kuma har gobe kowa ya san tasa. Wadda ke bakin hanya, taku goma daga sawun taya, ta gidan su Budram ce. Ranar da ya yi aure uwarsa ta ce ta bar wa amarya.

Amaryar ita ce Sukmati, 'yar ƙaramar mace mai baki kamar barkono. Duk bazara, da zarar mahuwa ta fara zubar da fure, sai ta ɗauki kwando da sassafe ta ratsa ta inda wayar shinge ta yanke, ta je ta tsince abinta. Budram ya yi faɗa har ya gaji. In ya ce mata doka ta hana, sai ta ce, "Dokar ce ta shuka ta?" Ta shanya furen a rufin ɗaki, gidan ya yi wata guda yana ƙamshin zaƙi, shi kuma ya ci wainar da ta yi da shi yana ƙunƙuni.

A watan huɗu na bana Kawu ya same ta a tsugune tana tsinta. Mu nan ba ma kiran damisa da sunansa, Kawu muke cewa. Ba mutum yake nema ba, duk wanda ya san halinsa ya san haka. Wanda ya tsuguna a ciyawa barewa ne a wurinsa. Mari ɗaya ya yi mata ya wuce, ko ci bai ci ba. Masu gadin daji ne suka fito da gawar a bayan mota. A lokacin Budram yana can ɗaya gefen gandun yana nuna wa wasu ɗawisu.

Aka yi jana'iza, 'yarsu ta zo daga gidan mijinta ta yi kuka ta koma. Mutane suka zuba ido su ga kukan Budram, ba su gani ba. Bayan kwana uku ya sa koriyar rigarsa ta aiki ya tafi ƙofar gandu. Mata suka samu abin tattaunawa a bakin famfo, wai dama zaman haƙuri yake yi. Ƙarya suke yi, ni na san mutumin. Ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta ne, ka mintsine ta ba ta ji. Yana cin gurasarsa da albasa, yana amsa gaisuwa, yana barci. Shi kansa abin yana ba shi mamaki, amma mamakin ma sama-sama.

Tsoho Mangru, wanda ke yi mana hidimar kakanni, shi ya kira shi gefe. Ya ce, "Ɗana, abu ɗaya ya rage. Ka kawo mini ƙasar wurin da ta faɗi, da hannunka kai mijinta, kafin ruwan farko ya wanke ta. Da ita zan kira ta gida ta zauna cikin namu. In ruwa ya riga ka, to ta bi Kawu ke nan. Duk inda ya sa ƙafa tana bayansa, ba hutu, ba gida."

Budram ya ce to. Da yake mutumin ƙa'ida ne, ofis ya nufa. Jami'in ya yi masa ta'aziyya, ya sa aka kawo masa shayi, sannan ya ce wurin tsakiyar gandu ne, kuma marigayiyar ba ta ƙofa ta shiga ba, don haka sai takarda ta je sama ta dawo. Ya kuma tuna masa cikin ladabi cewa ɗan jagorar da ya sauka daga mota don wata buƙata tasa, katinsa na aiki ya tafi. Takarda ta tafi sama. Aka ɗinke shingen da Sukmati ke bi, aka kafa masu gadi a wurin. Budram ya ci gaba da wuce bishiyar sau biyu a yini, yana gaya wa baƙi cewa wannan ita ce mahuwa, birai da barewa suna son furenta.

Direban da yake aiki da shi Jagat ne, ƙanin Sukmati, wanda ya gaji bakin yayarsa kaf. Tun ranar aure yake tsokanar Budram, amma yanzu tsokanar ta yi ɗaci.

"Mijin yaya, ka ga bishiyar nan kuwa, ko in sayo maka tabarau?"

"Na gan ta."

"To me ake jira? Sai na goya ka na kai ka?"

"Takarda ba ta dawo ba."

"Takarda! Wallahi da ni Kawu ya mara, da tuni Yaya ta kwaso kwando guda ta zuba wa jami'in a kan tebur. Ita ta auri turmi, ba ta sani ba."

"Tuƙa motarka, Jagat."

Haka watan biyar ya wuce, na shida ya zo ƙarshe. Ranar talatin ga wata ake rufe gandu saboda damina, sai bayan wata uku. A wannan ranar tun hantsi hadari ke taruwa ta gabas, iska ta tsaya cak, zufa na bin bayan kowa. Fitar la'asar ita ce ta ƙarshe.

Baƙinsu mata da miji ne daga birnin Pune. Mijin na rungume da kyamara mai tsawon taɓarya, matar ta kifa wata faffaɗar malafa. Shigarsu uku ba su ga ko wutsiya ba, mijin ya fara magana kamar Budram ne ya ɓoye damisar a aljihu. Budram ya kasa kunne. Can wajen rafin da ya ƙafe wani biri ya yi tari sau biyu, barewa ta amsa daga hagu. Ya taɓa kafaɗar Jagat. Suka zagaya ta bayan duwatsu suka tsaya a bakin filin Kosamdi, aka kashe mota.

Ba a yi minti biyar ba Kawu ya fito daga ciyawa. Shi ne dai, mai tabo a kunnen dama. Ya ratsa hanya gaban motar ba gaggawa, ratsin jikinsa na motsi, ko kallonsu bai yi ba. Kyamara ta dinga ƙyas ƙyas. Matar ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah, ka ga kyau! Malam jagora, wannan ya taɓa kashe mutum?"

"Sau ɗaya, ranki ya daɗe."

"Kai! Wa ya kashe?"

"Wata mata ce daga ƙauye."

"Me ya kai ta nan, fisabilillahi?"

"Fure."

Jagat ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Budram kuwa ba Kawu yake kallo ba, bayan Kawun yake kallo. Ba kowa. Ciyawa ce kawai ke miƙewa a hankali inda aka taka ta. Kawu ya gangara kwari ya nufi tafki, can nesa, har tarin birai ya bi shi ya yi ƙasa.

Hanyar komawa ta gaban mahuwa take bi. Iskar hadari ta taso. Da suka zo daidai bishiyar, Jagat ya rage gudu, ya miƙa hannu baya wai zai nuna wa baƙuwa tsuntsu, ya doki gefen malafar da yatsu. Iska ta ɗauke ta, ta mirgina ta, ta kifa ta a tsakanin saiwoyin bishiyar.

"Kash, Madam, malafarki! Mijin yaya, yi maza, kayan baƙuwa ne!"

Akwai abin da ba a rubuta ba amma kowa a gandun ya sani: in kayan baƙo ne ya faɗi, doka takan kau da kai minti ɗaya. Budram ya tsinto wayoyi da tabarau da murfin kyamara ba adadi a shekarun nan. Jikinsa ya san aikin. Ya duba dama, ya duba hagu, ya dira. Taku goma. Ya sunkuya a gindin mahuwa, a daidai inda masu gadi suka ce sun same ta, ya ɗaga malafar. Jar ƙasa ta ɓata gefenta. Ya sa tafin hannunsa ya goge tas, ya hure, ya dawo taku goma, ya miƙa wa matar da hannu biyu. Ya hau ya zauna.

"Mu je," ya ce. "Shida da rabi ake rufe ƙofa."

Jagat ya juyo ya zuba masa ido, baki buɗe. Kafin ya yi magana motar masu sintiri ta ɓullo a bayansu tana hon. Ba yadda zai yi, ya ja mota.

A bakin ƙofa baƙi suka sauka suna murna, suka shige masaukinsu. Jagat ya zagayo ya kama hannun rigar Budram.

"Ina take?"

"Wa?"

"Ƙasar mana! Ka sa a aljihu?"

Budram ya shafa aljihunsa, ba komai a ciki.

"Kai, mijin yaya! Don uban wa na jefar da hular matar mutane? Ka je har wurin! Ka durƙusa a kai! Ka tsinto wa 'yar birni malafa ka bar Yaya a daji?" Ya saki rigar ya juya baya.

Sai a lokacin Budram ya gane abin da ya yi. Ya jira ya ji wani abu ya tsinke a cikinsa, bai ji ba. Kamar an gaya masa yau Laraba ce. A bayansu mai gadi ya ja ƙofar gandu ya sa kwaɗo, sai bayan wata uku. Aka yi tsawa.

Ƙafafunsa suka kai shi famfon da ke gefen mai shayi, inda yake wanke hannu kullum bayan aiki. Ya danna da hagu, ruwa ya zubo, ya miƙa dama. Saura ƙiris ruwan ya taɓa hannun, sai ya tsaya. Tafin hannun ja ne. Zufa ta kama ƙurar ta liƙe ta a layukan tafin, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin farce.

Ɗigon farko ya faɗo masa a wuya.

Ya dunƙule hannun, ya cusa shi cikin riga ƙarƙashin hammata, ya kama hanyar gari. Bai yi gudu ba, kada ya faɗi. Jagat ya gan shi, ya ga yadda ya riƙe hannun. Ya fizgo tamfol daga bayan jif ya bi shi ya lulluɓe shi, shi kansa yana tafe a waje ruwa na dukansa. Kafin su kai gidan Mangru ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, hanya ta zama rafi.

Tsohon yana zaune a rumfa. Budram ya durƙusa gabansa ya fito da hannun, yatsun sun ƙi buɗuwa sai da Mangru ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ya kalli tafin ya daɗe. Sannan ya ɗauko ganye da bakin lauje, ya dinga kankarewa a hankali, layi bayan layi, farce bayan farce. Abin da ya taru bai kai gishirin miyar mutum ɗaya ba.

Jagat na tsaye ruwa na ɗiga daga gashinsa. Ya ce, "Baba, wannan zai isa?"

"Sukmati ce fa," in ji Mangru. "Yaushe ta taɓa cin wuri?"

Ya naɗe ganyen, ya ce su tashi su je gidanta. A can ya sa Budram ya zauna a tabarmar da ke tsakar ɗaki, ya ajiye ganyen a kusurwar da kakanni suke, ya kunna fitilar mai. Ɗakin har yanzu yana ɗan ƙamshin furen bara. Tsohon ya koma bakin ƙofa ya fuskanci daji, ya ɗaga murya sama da ƙarar ruwa.

"Sukmati! Sukmati! Rabu da Kawu haka nan. Shigo gida, ruwa ake yi."

Budram na zaune, hannunsa a buɗe a kan gwiwa, tafin na masa zafi inda lauje ya bi. Bai san lokacin da ya matsa gefe ya bar rabin tabarmar ba.