Yadda Na Makara da Likkafanin Kawu Sale

Masaka

Ana kiran assalatu wayar Ɗanlami ta shigo. Ɗanlami ɗan Kawu Sale ne, shi kuwa Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya daɗe yana noman doya a Yangoji. Bai tsaya dogon bayani ba. "Yaya, Baba ya cika tun cikin dare. Liman ya sa ƙarfe goma. Ka taho da kayan."

Kayan da yake nufi farin alawayyo ne da Kawu ya saya a Makka shekarar da ya sauke farali. Ya jiƙa shi da ruwan Zamzam, ya shanya a can, ya ce a cikinsa yake so a naɗe shi. Ɗakinsa yana yoyo, ni kuma ina da akwatin ƙarfe, sai ya ba ni ajiya. Duk ranar da muka haɗu, kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Habu, rigata tana nan?" Na ce wa Ɗanlami ya kwantar da hankalinsa, kafin tara ina Yangoji. Mai motar kansa awa biyu ke kai shi.

Shida saura kwata ina bakin titi, jaka a hammata. Ranar Litinin ce, jama'a kamar ana rabon kyauta. Ƙananan motoci suna fitowa daga wajen Keffi a cike, ko kallonmu ba sa yi. Na tambayi wani mai kwat da ke gefena yaushe doguwar bas take zuwa. Ya yi dariya. "Oga, sai dai ka tambayi malamin duba. Ran Juma'a biyu suka zo a jere, yau ko ɗaya." Bakwai saura kwata na samu shiga wata ƙaramar bas, bayan na sha gwiwar hannu a haƙarƙari, ni ma na ba wani.

Mararaba zuwa Nyanya

Wanda bai taɓa bin Mararaba da safe ba, kada ya ce ya san haƙuri. Mai tallan biredi ya wuce mu a ƙafa, ya dawo, ya sake wuce mu. Berger ta cikin Abuja kwandasta ya yi ta kira a Masaka, amma muna isa Nyanya wajen takwas da rabi ya buga jikin mota ya ce, "Kowa ya sauka, nan ne las bas stop!"

Na ce, "Kai, ba Berger ka ce ba?"

Ya ce, "Baba, goslo ya yi yawa, juyawa za mu yi."

Haka suka zubar da mu, muka sake kama sabon layi. A nan raina ya fara ɓaci sosai. Ni ba cikin birni za ni ba, ba ni da ofis ba ni da fayil. Amma duk wanda ya tsara hanyoyin motar garin nan ya ɗauka kowa ma'aikaci ne, da safe a zuba shi tsakiyar Abuja, da yamma a kwaso shi. Daga ɓangaren Nyanya zuwa ɓangaren Gwagwalada babu bas guda da ke ɗaukar mutum kai tsaye. Dole sai ka kutsa cikin cunkoson masu zuwa aiki, ka ƙara musu, su ƙara maka.

Utako

Goma saura na sauka Berger, na ƙarasa tashar Utako. Dabarata ita ce in hau motar Lokoja, tunda ta bakin Yangoji take wucewa, in huta da canjin mota. Na fara taya tasi shata, kuɗin da ya faɗa ko na juye aljihuna duka ba su kai ba. Na kira Ɗanlami. Ya je ya roƙi liman, aka ɗaga zuwa sha biyu. "Amma Yaya, ka san bazara ce, ana zafi."

Wani ɗan kamasho ya tare ni. "Lokoja! Saura mutum uku, Alhaji, yanzu za ta tashi." Na leƙa, lalle mota ta kusa cika. Na ce Yangoji zan sauka, ya ce kuɗin Lokoja zan biya, na biya. Muka zauna, minti ashirin babu wanda ya zo. Da safe kowa shigowa birni yake yi, wa zai fita? Sai na ciro kuɗin da na ware don sadakar uku, na ce wa direba, "Ga kuɗin kujeru biyun da suka rage. Tada mota."

Ya karɓa, ya lissafa, ya soke a aljihu. Bai tada mota ba. Sai na ga mutumin da ke kusa da taga ya miƙe ya sauka. Na bayansa ma ya sauka, har da ledarsa. Na uku ya bi su. Ashe ba matafiya ba ne. Mutane ne da ake ba ɗan abin shayi su zauna, don mai zuwa ya ga kamar mota ta kusa cika. Na san ana yin haka, amma ranar hankalina ba ya jikina.

Ban san lokacin da na fito da alawayyon na ɗaga shi sama ba. "Kun san mene ne wannan? Likkafani ne! Gawa tana kwance tun dare tana jirana!"

Ɗaya daga cikin waɗanda suka sauka, dattijo ne da furfura a gemu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Alhaji da mun sani. Mu ma da wannan zaman muke karyawa."

Direba ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma in na tashi da kujera uku wayam, wa zai biya mai? Ni ma mai mota yana jira in kai masa balas." Na ce to ya mayar mini da kuɗina. Ya ce an riga an cire na kamasho.

Wata 'yar kasuwa da ke bayana, Madam Laraba, ita ta tsaya mini, da Hausarta ta 'yan koyo. "Direba, kai ba shi da tsoron Allah? Mutum ya mutu kana maganar balas! Ni zai biya ɗaya." Ta kwance bakin zane ta biya. Aka daɗe kafin mutum ɗaya ya zo. Ta ci gaba da zazzaga masa masifa har ya haƙura da kujerar ƙarshe. Sha biyu saura kwata muka bar Utako.

Na ji haushin direban nan, har yanzu ma ina ji. Amma da na zauna na duba, shi cikinsa yake karewa. Muddin abincin direba yana kan cikar mota, ba zai taɓa kallon agogo ba. Babban birnin ƙasa guda, a ce babu bas da ke tashi a kan lokaci, ko da mutum biyar a ciki! A sa motoci suna tashi duk bayan minti kaza, a rubuta a allo, a ba direba albashi, a buɗe layin da zai haɗa garuruwan gefe ba sai an ratsa tsakiya ba. Wannan ba ilimin zuwa wata ba ne. Masu tsarin dai ba sa tsayuwa a bakin titi, shi ya sa.

Hanyar Gwagwalada

Ba mu kai Lugbe ba waya ta yi ƙara.

"Yaya, kana ina?"

"Mun fito daga gari."

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. "Jama'a suna rana tun goma. Liman ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta, kuma jikin ya fara sauyawa. An samo wani yadi a kasuwa. Amma na ce sai ka yarda."

Da bakina na ce, "Ku yi, Ɗanlami." Na kifa kai a kan jaka na yi kuka kamar yaro. Madam Laraba ta miƙo mini ruwan leda. A Gwagwalada direba ya tsaya neman mutum ɗaya na kujerar nan da ta rage. Ban ko ɗaga kai ba.

Yangoji

Ɗaya da minti ashirin na sauka. A hanya na gamu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Ɗanlami ya raka ni, na tsaya a kan kabari na yi addu'a, jakar tana rataye a kafaɗata.

Da na shiga cikin gida na durƙusa gaban Inna Hajo, matar Kawu, na ajiye alawayyon. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta daɗe tana shafa shi.

"Da asuba, kafin a kira ka, na ce musu kada su damu, Habu ba ya saɓa alkawari." Ta jawo shi ta ɗora a cinya. "Ba laifinka ba ne. Amma bar shi a nan, ni zan shiga cikinsa. Kada ka mayar da shi Masaka. Ni ba na so a ajiye ni a rana ana jiran mota."

Komawa

Bayan sadakar uku na kamo hanya da hantsi, mota huɗu na hau, na iso Masaka ana kiran la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mutanen Yangoji da suka yi awa biyu a rana saboda ni, da Madam Laraba da ban ko san garinsu ba. Masu tsara sufurin Abuja kuwa ba ni da godiyar da zan yi musu. Ina dai sanar da su cewa an binne Kawu Sale a cikin yadin kasuwa, nasa yana kan cinyata a tashar Utako.