Genzo Mai Aski da Kofin Tsoho Kasai

A ƙauyenmu da ke gindin dutsen Iwaki, da wuya a sami magidancin da Genzo Narumi bai taɓa riƙe kansa ba. Shagon askinsa yana daura da gidan waya, kujera ɗaya ce a ciki, sai madubin da ya gada daga mahaifinsa. Gajere ne mai kaurin hannu, ga surutu, ga son giyar shinkafa da yamma idan ya rufe shago. Wannan kowa ya sani. Abin da mutane ƙalilan suka sani shi ne ya daɗe yana aikin hogoshi, wato ɗan sa-kai wanda hukuma take danƙa wa fursunan da aka yi wa sakin talala, ya riƙa lura da shi har wa'adinsa ya cika. Aiki ne da ba a biyan albashi a kansa, kuma ba a yarda mai yinsa ya bayyana wa kowa wanda yake hannunsa ba.

Sauran masu wannan aiki a gida suke karɓar mutanensu, su zuba musu shayi, a tattauna. Genzo ya ga cewa a wuri irin namu, duk baƙon da ya faye shiga gidansa za a gane shi kafin mako ya zagayo. Sai ya mayar da ganawar kan kujerar aski. Mutum ya zo sau biyu a wata, a yafa masa farin ƙyalle, almakashi yana tafiya, tambayoyi suna tafiya, na waje bai ga komai ba sai aski.

Haka Tetsuro Osanai ya shigo hannunsa. Shi da kansa yake ba da wannan labari yanzu, kuma da izninsa na rubuta shi. Leburan tashar jiragen ruwa ne a da. Wata rana ya bugu, ya rotsa wa wani kwalba a fuska, mutumin ya rasa ido ɗaya. Da aka sako shi kafin cikar hukuncinsa, an gindaya masa sharuɗɗa, mafi nauyinsu kuwa shi ne kada giya ta taɓa bakinsa. Idan ya sha, gidan yari zai koma. Genzo ya samo masa aiki a gonar tuffa ta tsoho Kasai, kuma bisa roƙon Tetsuro bai faɗa wa tsohon komai ba, illa cewa ga wani ƙaƙƙarfa mai ƙarancin magana.

Masu jiran layi a shago ba su bar Tetsuro ya huta ba. Wani manomi ya taɓa cewa, "Kai Osanai, wai taki kake zuba wa gashin nan? Kullum na zo sai in tarar da kai a kujera."

Genzo ya ce, "Rabu da shi, shi kaɗai ne mai tsafta a cikinku. Kai da kake zuwa mini da kai kamar sheƙar hankaka, har bakin magana gare ka?"

Tetsuro ya iya aikin da wuri. Ya koyi tsinke ganyen da ke kare 'ya'yan itace daga rana, ya koyi juya kowace tuffa a hankali a jikin reshenta domin ta yi ja ta kowane gefe. Tsoho Kasai, wanda ba ya yabon kowa, ya fara maganar riƙe shi har lokacin sanyi, lokacin da ake sallamar sauran ma'aikata.

Damuwar ta taso ne da aka kusa gama tsinka. A ranar da aka kwashe tuffar ƙarshe, mai gona yakan tara ma'aikata da maƙwabta a ci a sha, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tulun giya ya zuba wa kowa da hannunsa. Ƙaramin ma'aikaci yakan karɓa da hannu biyu, ya shanye, sannan shi ma ya zuba wa maigidan. Wanda ya ƙi karɓa, tamkar ya ce bai gode da zaman shekarar ba ne.

Tetsuro ya ce da Genzo ranar aski, bayan shagon ya watse, "Malam, kofi ɗaya ne fa, bai fi kurɓi biyu ba. Wa zai sani?"

Genzo ya ce, "Ni zan sani, tun da ina cikin waɗanda aka gayyata. Kuma idan jami'in hukuma ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba."

"To, sai in ƙi zuwa."

"Ka ƙi zuwa bikin maigidanka? Gara ma ka je ka zage shi, ya fi sauƙi. Daina motsi, kada in yanke maka kunne."

Genzo ya ci gaba da aski. Can sai ya ajiye almakashi ya ce ya samo dabara. Daga ranar shi ma ya bar giya. Zai baza a gari cewa sun yi gasa shi da Tetsuro: wanda ya fara sha kafin sabuwar shekara, za a aske masa kai ƙwal a gaban jama'a. Mutanenmu suna girmama gasa, ko ta wauta ce.

Matarsa Tomoe ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kai? Ai ko kwana uku ba za ka yi ba. Bari in fara wasa askar tun yanzu."

Amma ya yi. Ya kwashe tulunansa ya kai wa surukinsa. Da yamma sai a gan shi a ƙofar shago da kofin shayi, fuska a murtuke, abokansa na wucewa suna ɗaga masa kwalba don tsokana.

Ranar biki ina wurin, domin gidana yana maƙwabtaka da gonar. An shimfiɗa tabarmi a rumbun tuffa tun rana ba ta faɗi ba, an kawo gasasshen kifi da romon ganye da wainar shinkafa. Tsoho Kasai ya fara zagayawa da tulunsa. Da ya iso kan Genzo, sai mai askin ya dafe kansa da hannu biyu ya ce gashinsa ya fi masa giya daraja, aka yi dariya aka wuce shi. Da ya iso kan Tetsuro, sai ya durƙusa a gabansa, abin da bai yi wa kowa ba.

Ya ce, "Osanai, ka yi aiki. Karɓi."

"Maigida, ka yi haƙuri, mun yi gasa da mai aski."

"Gasar banza! Na soke ta. Idan ya aske ka, ni ma in zauna ya aske ni, mu yi sanyin bana da sanƙo tare. Karɓi."

Jama'a suka ɗauki tafi suna kiran sunansa. Kofin yana miƙe, cike har baki. Na dubi Genzo. Dabararsa ta ƙare, kuma ba shi da ikon faɗin kalma ɗaya daga abin da ya sani. Bai sunkuyar da kai ba, bai kuma yi wata raha don ya kawar da zancen ba. Ya zuba wa Tetsuro ido kawai.

Tetsuro ya ɗaga hannuwansa biyu kamar zai karɓa, sa'an nan ya sauke su ya dafa tabarma, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Ya ce, "Maigida, daga gidan yari na zo gonarka. Giya ce ta sa na nakasa wani bawan Allah. Idan na sha wannan, can zan koma. Na ɓoye maka, ka gafarce ni."

Tafin ya ɗauke. Tsohon ya daɗe a durƙushe, sa'an nan ya ajiye kofin a gefe, ya tashi ya ci gaba da zagayensa. Bikin bai yi armashi ba bayan haka, mutane suka watse da wuri.

Washegari Genzo bai buɗe shago ba. Ya sa rigarsa ta zuwa taro ya tafi gona, ya tarar da tsohon yana gyaran tsani.

Kasai ya ce, "Ka yaudare ni, Narumi."

"Na ɓoye maka, wannan gaskiya ne. Amanarsa ce, ba tawa ba."

"Ina da jikoki a gidan nan."

"Na sani, ni nake yi musu aski. Malam Kasai, jiya ka ga mutumin da aka miƙa wa abin da ya fi so a duniya, gari duka yana yi masa tafi, ya ƙi. Idan ka kore shi, ba zan ga laifinka ba. Sai dai ka sani gobe zan shiga gona ta gaba in nema masa aiki, jibi ta gaba da ita, har in ƙure kwarin nan."

Tsohon ya kore shi da hannu. Genzo ya dawo kashegari, ya sake dawowa bayan nan, kullum ya tsaya a bakin rumbu ya gaishe shi, ya yi zancen yanayi, ya tafi. Rannan, dusar ƙanƙara ta fara sauka, sai Kasai ya ce ba tare da ya dube shi ba, "Ka gaya wa Osanai datse rassa ba wasa ba ne. Ya zo da takalman kirki."

Ba kowa ne ya yafe ba. Ma'aikata biyu sun daina cin abinci kusa da Tetsuro, wata maƙwabciya kuma ta hana 'ya'yanta bi ta gonar har tsawon shekara. Tetsuro ya jure, ya yi sanyin nan a kan tsani da zarto a hannu. Da bazara ta shigo wa'adinsa ya cika, jami'i ya sanar da shi cewa babu sauran sharaɗi a kansa, kuma har yau a gonar yake.