Dodon da Kawu Sale Ya Zuba Mana a Kanal

Ranar wata Juma'a ce, a ranin da nake aji uku na firamare, ana tsakiyar ɗibar tumatir, Kawu Sale ya sauko daga motar Kano da kwali a ka. Ƙanen Innata ne, yana gyaran rediyo a birni, kuma duk zuwan da zai yi sai ya taho da abin da zai tara masa jama'a. Wannan karon talabijin ce da bidiyo da wani ɗan janareta mai yawan tari. Da aka sauko daga masallaci aka share zauren gidanmu, aka toshe taga da buhun taki, aka jera mu yara a gaba kan tabarma, manya suka jingina da bango. Zafi ake yi na fitar hankali, ga warin tumatir da ya kwana a kwando yana shigowa daga ƙofar gida, amma ko wanda fitsari ya matsa bai yarda ya tashi ba. Kawu ya tura kaset, ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna gefen talabijin, ya gyara murya. Fim ɗin na wata ƙasa ce mai nisa, babu mai jin yarensu a cikinmu, don haka shi zai riƙa fassara mana. Ban tambayi kaina inda ya koyo yaren ba. A wurina mutumin da ke zaune a birni komai ya sani.

Labarin wani ƙauye ne da ke bakin ruwa, da wani yaro mara jin magana da aka hana shi zuwa wanka ya ƙi. Yana cikin wasa a bakin gaɓa sai ruwan ya fara tafasa, wani abu ya ɗago kai. Kore ne shar, gashinsa kamar gansakuka, idanunsa suna ci kamar garwashi, hannayensa sun kai tsawon tabarya. Ya sunkuci yaron ya nutse da shi, ruwa ya koma ya kwanta kamar ba a yi komai ba. Can sai ya sake ɗagowa ya fuskanci talabijin ya yi wani gurnani mai tsawo. Kawu ya saurara da kyau, ya girgiza kai, ya ce, "Kun ji abin da ya ce? Wai idan ya gama da yaran ƙasarsu, ta ƙarƙashin ƙasa zai biyo ya faɗa dam ɗin Tiga, daga can ya shigo kanal. Ya ce ya ji labarin yaran wajen Bunkure sun fi kowa daɗin nama." Yana rufe baki talabijin ta ɗauke. Ya leƙa waje ya dawo ya ce man janareta ya ƙare, sai wani zuwan. Muka fito cikin rana, ina jin ƙarar ruwan kanal daga bayan gari kamar ana kiran sunana.

Wanda bai tashi a yankinmu ba ba zai gane girman abin da aka ƙwace mini ranar nan ba. A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, kanal ita ce komai. A bakinta mata ke wanki, a nan ake shayar da awaki, a nan ake wanke kwandunan tumatir da buhunan albasa, kuma duk labarin da bai bi ta bakin kanal ba bai zama labari ba tukuna. Mu yara kuwa nan ce duniyarmu. Da an tashi daga boko, kafin a koma makarantar allo, za ka ga riguna a zube kan ciyawa, ana tsalle daga kan gada, ana alkafura, ana gasar nutso a ga wanda zai fi daɗewa. Ni lokacin ban iya iyo ba tukuna. Abokina Ado ya fara koya mini a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, har na fara ɗaga ƙafa ɗaya daga ƙasa, ina ganin kafin damina ta faɗi zan bi sahun manya. Ado bai kalli fim ɗin ba, an aike shi yankan ciyawa ranar. Kullum na tuna wannan sai in ce wani aiken rahama ne.

Daga ranar nan na yi sallama da ruwa. Idan Baba ya tashe ni ban ruwa da sassafe, aikina shi ne in jera bututai a bakin ƙaramar magudana, in cika kowanne da ruwa in toshe bakinsa da tafin hannu, in jefa shi cikin kunya ya fara ja. Aikin da nake yi ina waƙa ya koma na ɗar-ɗar, ina tsoma hannu ina fizgewa kamar mai taɓa tukunya a wuta, bututu ya shaƙi iska ya ƙi ja, Baba ya yi ta faɗa. Har na fi son a tura ni korar tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafa, in wuni ina kaɗa gwangwani da tsakuwa a rana, don dai can ruwan bai wuce idon sawu ba. Hanyar makaranta ta kan gadar kanal take, ni kuwa sai in runtse ido in ƙetare a guje, allo ko jaka na dukan bayana. Sauran yaran da muka yi kallo tare sun yi 'yan makonni suna tsoro, zafi ya matsa musu, suka koma ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ni kaɗai abin ya zauna wa. Na zama mai gadin riguna, ana kirana "Sarkin Tudu", har ƙannena suka iya iyo suka bar ni ina zaune ina gare da tsohuwar taya a nesa. In na kai ƙara wurin Inna sai ta ce, "Ƙyale su, ai ba a gadon iyo," ta ƙara mini ƙosai a kwano.

Na girma, na yi karatu, na sami aikin koyarwa a birni, na yi aure. Na san babu dodo, na sha faɗa wa ɗalibai haka da bakina. Amma jiki bai yi karatun da kai ya yi ba. Da hutun ƙaramar Sallar da ta wuce na kai iyalina gida. Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, sunanta na sa wa 'yata, muna kiranta Ummi. Washegarin Sallah da hantsi na fito neman yarinyar, na hango ta a bakin babbar kanal tare da 'yan'uwanta, ta sauka gangaren siminti, ruwa ya kai mata gwiwa, tana ƙyalƙyala dariya. Simintin nan santsi gare shi kamar an shafa karkashi, ruwan kuma sama a kwance ƙasa yana gudu. Na ƙwala mata kira, na ruga, ina isa bakin gangaren ƙafafuna suka kafe. Ƙato da ni, da gemu da furfura, na tsaya ina miƙa hannu daga sama ina ihu kamar kazar da ta ƙyanƙyashe 'ya'yan agwagwa. Wata mata mai wanki ce ta taka ta kamo ta ta miƙo mini, ta dube ni sama da ƙasa, ba ta ce komai ba. Da ma ta zage ni.

Nan na yanke shawarar abin da ya yi mini magani shi zai yi wa Ummi. Na tafi Kura wurin masu tura finafinai a waya, na kwatanta wa wani saurayi dodon, koren jiki da jajayen idanu da dogayen hannaye. Ya yi ta lalube a kwamfutarsa, can ya ce, "Oga, wannan tsohon? Ai har an fassara shi da Hausa." Na dawo gida na zaunar da Ummi a zauren nan dai, na rufe ƙofa, na jingina waya da buta. Na kunna mana fim ɗin. Ruwa ya tafasa, dodo ya ɗago. Na duba, na sake dubawa, na matso da wayar kusa da ido. Mutum ne a cikin rigar roba, zif ɗin bayansa a fili, idanun kuma ƙwan tocila ne, ɗaya ma yana ɗaukewa yana dawowa. Dogayen hannayen sanduna ne aka sa wa safar hannu, ana ganin zaren da ake ja. Da ya taka gaɓa sai ga silifas a ƙafarsa. Ummi ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki, ta ce, "Abba, dodon ma takalmin wanka gare shi irin naka!"

Wannan duk mai sauƙi ne. Da aka zo wurin gurnanin nan da ya hana ni sakewa shekara da shekaru, mai fassara ya ce dodon kuka yake yi, wai kaɗaici ya ishe shi, ba shi da abokin wasa. Babu Tiga, babu Bunkure, babu maganar nama. Yaron ma zamewa ya yi ya faɗa ruwa, dodon ya cece shi, ya kai shi gidansa na ƙarƙashin ruwa ya ba shi abinci, ya mayar da shi wurin uwarsa. Aka ƙare fim ana kiɗa, dodo yana tiƙar rawa da mutanen gari, an rataya masa furanni a wuya. Takaici ya ishe ni har na rasa wanda zan huce a kansa. Wato saboda wannan mai silifas ɗin na yi gadin riguna, aka yi mini laƙabi, na sha faɗan Baba, na tsaya ina kallon 'yata a bakin halaka na kasa taka siminti. Ummi kuwa ta ce a sake sa mata, kuma gobe za ta je kanal ta kai wa dodo cincin.

Ban jira la'asar ba na nufi gidan Kawu Sale. Ya daɗe da barin birni, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, na same shi a gindin darbejiya yana lalubar wata tsohuwar rediyo. Ko gaisuwar kirki ban tsaya na gama ba na zazzage masa abin da ke cikina. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce shi ko kalma ɗaya bai taɓa ji ba a yaren, man janareta kuma bai ƙare ba, shi ya sa ƙafa ya ture wayar wuta. Da ya ga da gaske nake fushi sai ya ajiye rediyon. Ya ce in tuna Ɗan'azumi na gidan maƙwabta, sa'ana, wanda aka ce mana ya tafi wurin kakarsa. Ba wurin kaka ya tafi ba. Ruwa ne ya ja shi a inda kanal ke kurɗawa ƙarƙashin titi, sai washegari aka same shi, kuma Innata na cikin matan da suka riƙe uwarsa. Bayan haka ta hango ni Ado yana koya mini ɗaga ƙafa. Ta yi duka ban ji ba, ta yi lallashi ban ji ba, shi ne ta aika masa Kano ya nemo mata abin da zai raba ni da ruwa. "Yaya ce ta tsara zancen Tiga da kanta," in ji shi, "ni baki kawai na ara mata. Ka ce an cuce ka, to ga ka nan da ranka kana yi mini tsiwa."

Na dawo gida ina tafe ina ƙunƙuni. Har yanzu haushin bai sake ni ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne wadda zan yi wa ƙorafin ba ta nan, ba kuma zan iya rantsewa cewa ta yi kuskure ba. Ita a zamaninta kaset ɗaya da ƙane mai bakin zance sun ishe ta tsare ɗanta. Ni kuwa nawa zamanin ya fallasa dodon, yarinya 'yar firamare tana hango zif daga nesa, ba abin da zan nuna mata ta ji tsoro. Kanal ɗin ce kawai ba ta canja ba, gangarenta da santsinta da wurin da take kurɗawa ƙarƙashin titi duk suna nan yadda Ɗan'azumi ya bar su.

Da safe na je gonar Ado, na same shi yana jera bututai. Na ce ina so ya koya wa Ummi iyo, ya ce wannan ai ba komai ba ne. Na ce har da ubanta. Ya yi dariya son ransa, ya kira ni da tsohon sunana na Sarkin Tudu, sannan ya ce mu faro daga inda muka tsaya. Haka aka yi. Muka sami inda ruwa bai wuce ƙugu ba, na tuɓe riga na ajiye a kan ciyawa babu mai gadi, mata masu wanki suka dakata suna kallo. Ruwan sanyi ƙarara, Ado ya tallafi cikina yana cewa in saki jiki, ni kuwa ina haɗiyar ruwa ina tsine wa mai silifas. Ummi ta matso ta kama yatsana, ta ce, "Abba, kar ka ji tsoro, ina nan." Mai sunan Inna ce ta faɗa, don haka na ɗaga ƙafar.