Tumbina da Kwanon Baba Masunci

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. Yau na zo in tona wa kaina asiri ne, domin abin ya daɗe a raina, kuma duk lokacin da na tuna shi, dariya da kunya tare suke zuwar mini.

A ƙarshen shekarun tamanin ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Haɗeja, mutumin kudancin Kaduna, da mata da 'ya'ya biyu, da kuma tumbin da ban zo da shi daga gida ba. Siriri na shigo garin, amma Haɗeja ba ta barin mutum haka. Shinkafa ga ta, alkama ga ta, kifi kuwa sai ka ture. Shekara uku kawai, sai ga shi in zan ɗaure igiyar takalmi sai na riƙe numfashi. Mutanen unguwa taya ni murna suke yi, wai gari ya karɓe ni. Ni kuma in washe baki ina amsawa, alhali ni kaɗai na san yadda nake haki in na tura babur ɗina daga zaure zuwa bakin hanya.

A cikin gari muka kama haya, kuma tun makon farko wani dattijo masunci da ke maƙwabtaka da mu, wanda duk unguwa ke kira Baba, ya aiko a kira ni. Ya ce baƙo ba ya cin abinci shi kaɗai a cikin ɗaki a unguwarsu, in fito ciyayya. Ciyayya ita ce magidanta su haɗu a ƙofar gida bayan magariba, kowa ya fito da kwanon gidansa, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Mu shida ne a tabarmar. Ni kaɗai ne Kirista, in an kira salla su tafi masallaci, ni in shimfiɗa tabarma in jira su. A nan suka koyi cin tuwon accar matata, ni kuma na kamu da burabisko da miyar kifin gidan Baba, wadda har yau ban ci irinta ba. Babu wanda ya taɓa karanta mini doka, amma kowa ya san ba a tsallake kwanon mutum.

Abin da ya tayar mini da hankali ranar wasannin makaranta ne. Aka sa tseren malamai, na shiga da ƙarfin hali, na zo na ƙarshe. Har malamin Larabci, wanda a shekaru ya haife ni, da babbar rigarsa ya wuce ni. Ina isa bakin layi maɓallin wandona ya tsinke, ɗalibai suka ɗauki tafi da shewa. Na yi dariya tare da su, amma Allah ya sani abin ya yi mini ciwo. A makon ne malamin kimiyyarmu, wanda ya dawo daga kwas, ya ja ni gefe ya ba ni wata takarda da aka yi wa hoto har rubutun ya dusashe. Ya ce sabon salon rage ƙiba ne, kuma sirrin duka a kan kalori yake, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Yau ka ci ɗan kaɗan ƙwarai, gobe ka ci son ranka, jibi ka koma yunwa. Wai da haka jiki zai rikice, ya rasa gane ko fari ake ko wadata, sai ya kama ƙona kitse. Mutumin da ke ba ni shawarar nan tun da aka haife shi bai taɓa yin ƙiba ba, amma ban tsaya na yi wannan tunanin ba. Abin da ya ja ni shi ne ranar ci ɗin nan. Na ce kai, ga magani har da daɗi!

Na ja layi a bayan littafin tsara darasi, na rubuta ranar yunwa, ranar ci, ranar yunwa, ranar ci, har ƙarshen zangon karatu. Matata kaɗai na faɗa wa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ita dai ba za ta rage tukunya ba, in na gama wasana in yi mata magana. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, don ina zan kai kunyar a ce magidanci guda yana gudun tuwo don ya rame? A unguwarmu in mutum ya rame, zuwa ake yi duba shi.

A ranar yunwa shayi ba madara nake sha da safe, da rana in tauna ɗan yalo, in shiga aji ina ganin alli bibbiyu. Wata rana na rubuta lissafi a allo, na juyo na manta ajin da nake. In an zo ciyayya sai in yi loma biyu daga kwanon gidana, in tsame hannu in ce na ƙoshi, in koma gefe ina haɗiyar yawu. A ranar ci kuwa, wayyo, sai wanda ya gani. Ƙosai da kunu da safe, fura da rana, alkubus a hanyar dawowa, da yamma kuma in zauna a tabarma in bi kwanuka ɗaya bayan ɗaya ina ci kamar gara. Ramuwar jiya nake yi, ina kuma yi wa gobe guzuri.

Ga inda na yi ɓarnar. Lokacin damina ta wuce, ruwa ya fara janyewa daga fadama, kifi ya taru a tafkuna. A irin wannan lokaci Baba kwana ɗaya yake yi a bakin ruwa yana duba koma da kyafa kifi, kwana ɗaya a gida. Na san da haka sarai, amma ban haɗa shi da layin da na ja ba. Ashe ranar da na fara yunwa ta faɗo ranar da yake gida, kuma tun da ni da shi duka tsallaken kwana muke yi, haka abin ya ci gaba da tafiya daidai. Duk ranar da Baba ya fito da kwanonsa, ni na ƙoshi. Duk ranar da ba ya nan, ni ne mai suɗe kwanukan mutane. Sauran abokan tabarma kuwa, ba da wata manufa ba, in ya dawo sai su riƙa ba shi labari suna dariya, wai jiya Malam ya yi aiki, har ƙanzo bai bari ba. Na sha ganin Baba ya yi ɗan murmushi, ya buɗe kwanonsa ya turo gabana ya ce bisimilla. Ni kuma in shafa ciki in ce a yi mini haƙuri.

Bayan mako shida na faki idon mutane na je wajen masu awon alkama. Mai sikeli ya tambaye ni ina buhun, na ce ni ne buhun. Na cire takalmi na hau, ya matsa ƙarfe, ya sake matsawa, ya faɗi nauyi. Kilo biyu na ƙara a kan wanda aka auna ni a asibiti kafin in fara! Na ce sikelinsa ya lalace. Ya ce to da shi ake awon alkamar gari guda. Na dawo gida rai a ɓace, ni malamin lissafi guda na kasa gane cewa in ka rage rabi yau ka ninka biyu gobe, ƙari ka yi.

A makon nan ne Baba ya daina fitowa. Ranar da ya kamata a gan shi, sai ba shi ba kwanonsa. Aka ce yana zaurensa yana cin abinci shi kaɗai. Tabarmar ta yi tsit, don shi ne babbanmu, kuma shi ya fara shimfiɗa ta tun kafin a haifi wasunmu. Na ɗauka gajiyar ruwa ce. Sai da na dawo daga makaranta wata rana na tarar da matata zaune a tsakar gida idonta ja. Ta ce Inna, matar Baba, ta zo ta same ta, ta riƙe hannunta ta ce don Allah 'yata ki gaya mini gaskiya, me Malam ya gani a girkina? Inna ta faɗa mata cewa da farko ta zaci ƙarnin kifi ne, sai ta daina sa kifi. Sannan ta zaci kwanon ne ya tsufa, ta sayi sabo. Ta daina miyar kuka ta koma ta kuɓewa, ta koma taushe. Daga ƙarshe ta sa aka yanka zabuwarta guda ɗaya da take kiwo, ta yi miya da ita, aka fita da kwanon, Malam ko kallonsa bai yi ba. A ranar ne Baba ya ce a bari haka, ɗan boko ya ga ƙazantar gidan masunci, kuma ba zai ƙara ɗaukar kwano ya kai inda za a ƙyamace shi a gaban mutane ba. Matata ta ce ta riƙe mini sirrina, amma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce ko in je in faɗa da bakina yau, ko ita ta je.

Na tuna miyar zabuwar nan, na tuna yadda ƙamshinta ya kusa sa ni kuka, na kau da kai don kada in karya doka. Na ɗauki takardar da littafina na nufi zauren Baba bayan la'asar. Na same shi yana ɗinkin koma. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da mutunci, amma bai ce mini ɗana ba kamar yadda ya saba, Malam kawai ya ce. Na kwashe labari kaf na faɗa masa, tun daga maɓallin wando har sikelin alkama. Na buɗe littafin na nuna masa layin, duk da na san ba ya karatun boko.

Ya ci gaba da ɗinkin komarsa. Can sai kafaɗarsa ta fara rawa, ya ajiye komar, ya yi dariya har da ƙwalla. Ya ƙwala wa Inna kira ya ce ta zo ta ji, ashe ba girkinta ba ne, yunwa ɗanta ya je ya karanto a takarda. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa, ta ce yanzu saboda wannan shirme zabuwarta ta tafi? Da dariyar ta lafa, Baba ya share ido ya ce in ban da abina, ai shi ya fi shekara arba'in yana wannan tsarin ba tare da takarda ba. Ranar da yake bakin ruwa, gari da ƙuli ne abincinsa, ranar gida kuma ya ci tuwo. Amma ba shi ya hana shi tumbi ba, tuƙa kwalekwale da jan koma ne. Sannan ya ƙara wata magana a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce shi ya sa Inna ke ƙure girki ranar da yake gida, don a kwana biyu wannan ne abincinsa na kirki guda ɗaya, kuma shi yake ɗauka ya fito mana da shi.

Ni ina wasa da yunwa da littafi a hannu, shi kuwa da yake yin ta gaske, abincin da ya jira kwana biyu yake turowa gabana ina mayar masa.

Da magariba ya fito da kwanonsa. Ya sa na maimaita labarin a gaban kowa, aka yi dariya har mai shayi na tsallaken hanya ya zo jin ba'asi. Hukuncin da aka yanke mini shi ne in cinye kwanon Baba ni kaɗai, kuma ranar yunwa ce a littafina. Na cinye tas. Daga nan duk Asabar sai in bi shi fadama a ƙafa, in taya shi jan koma, in dawo da taɓo har gwiwa. Na daina ramuwar ci, na koma cin daidai kullum, na rage fura a kan tuwo. Tumbin bai gudu ba, amma a hankali ya sauka, har na daina haki.

Abin da na koya, masu karatu, shi ne jiki ba ya rikicewa, mai jikin ne ke rikicewa. Duk tsarin da zai sa ka kwana da yunwa yau don ka yi haɗama gobe, ka yi hattara da shi, kuma in ƙiba na damunka ka je ka ga likita, ka motsa jiki, kada ka bi takardar da ba ka san wanda ya rubuta ba. Na biyu kuwa ya fi wannan nauyi. In za ka janye hannu daga kwanon mutum, ka buɗe baki ka gaya masa dalili, ko da za a yi maka dariya, don ba ka san abin da aka hana ciki aka kawo maka ba. Baba ya rasu shekaru bayan na bar Haɗeja, kuma ya yafe mini tun a zauren nan. Amma har yau in na tuna yana turo mini kwanon yana cewa bisimilla, ni ina shafa ciki ina ƙaryar ƙoshi, sai in ji da ma a dawo mini da yamma ɗaya daga cikinsu in sa hannu.