Shekarar da Tarkon Malam Buhu Ya Ƙi Kamu

Mijina malamin tarihi ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a makarantar sakandare guda, kuma duk garin nan ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Malam Buhu ake ce masa. Ni kaina in ya ɓata mini rai haka nake kiransa, ya kuwa amsa. Sunan ya fito ne daga wani tsohon buhu da yake naɗewa ya sa a hammata ya tafi da shi makaranta sau ɗaya a shekara. Buhun ya sha faci ya fi goma, kuma duk ni na yi su, don ɗinki ne sana'ata. Sau biyu na yi niyyar mai da shi abin goge ƙafa, sau biyun sai da maƙwabta suka ji kanmu.

Buhun na kakansa ne. Kakan manomi ne, yana shuka hatsi da wake, da 'yar auduga a gefe. Sai auduga ta yi daraja shekara biyu a jere, masu saye har ƙofar gida suke biyo shi. A shekara ta uku ya ture hatsi gaba ɗaya, ya cika gona da auduga daga wannan iyaka zuwa waccan, ya ce abinci ai a kasuwa ake saye. Shekarar nan ce kasuwar duniya ta karye. Bankuna suka rufe a ƙasashen da ko sunansu bai taɓa ji ba, masaƙu suka tsaya, auduga ta zama ba mai kallonta. Ya ɗora buhuna a kan jaki, ya yi tafiyar kwana biyu zuwa wurin sikeli, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Haka ya juyo da kayansa, buhun Malam ɗaya ne daga cikinsu. Rumbu cike da auduga, tukunya wayam. Abin da ya riƙe gidan shi ne ɗan wake da dankalin da matarsa ta shuka a bayan ɗaki ba tare da ta yi shawara da shi ba. Bai ishi kowa ba. Ƙaramar 'yarsu, gwaggon Malam ke nan, ba ta ga damina ta gaba ba.

A littafin makaranta duk wannan masifa shafi ɗaya da rabi ce. Shekarun farko Malam daga littafin yake koyarwa, sai ya dawo gida yana huci. "Tela," haka yake kirana, "ina ba su labarin yunwa suna hamma. Wata ma gyaɗa take ci a ƙarƙashin tebur!" Na ce to me kake so, su yi kuka? Ya ce eh, kukan yake so. Ban ɗauka da gaske yake ba, sai da na ga ya roƙi filin da ke bayan ajin ƙarshe, ya share shi da hannunsa.

Ga yadda yake yi. Da faɗuwar ruwan farko zai kai 'yan aji biyar filin, ya ce gonarsu ce, su shuka abin da suka ga dama, ran girbi kuma abin da gonar ta ba su shi ne abincin ranarsu. Ana cikin haka sai ga wani Alhaji da babbar riga da tabarau, ya ce shi wakilin masaƙa ne, auduga yake nema ido rufe, in suka noma masa zai kwashe duka, ya yi musu walimar da ba za su manta ba. Alhajin nan ƙanena ne, kayan gyaran babur yake sayarwa, bai san inda masaƙa take ba. Malam kuwa sai ya naɗe hannu ya yi gefe, ko uffan ba ya cewa. Yara su yi gardama, su ɗaga hannu, su cika fili da auduga. Kowace shekara haka, wallahi, ko sau ɗaya ba a taɓa samun saɓani ba.

Ran girbi ba mai zuwa da abinci daga gida, tunda walima za a yi. Su tsinke auduga tun safe, su tara ta fara tas a kan tabarma. Rana tsaka ƙanena ya iso, ya ɗan taɓa ta da ɗan yatsa, ya ce masaƙa ta rufe, bana ba a saye, ya shiga motar aro ya tafi. Nan za ka ga fuskoki. Malam zai bar su su zauna da yunwarsu a gaban tulin auduga kamar awa guda, sannan ya warware buhu ya fara ba su labarin kakansa. A ƙarshe ni kuma in fito da tukunyar wake da dankali daga ɗan lambuna na bayan gida, wadda da gangan nake dafa ta yadda ba za ta isa ba. Audugar ni ke kwashewa. Duk danginmu ba wanda ban yi wa matashin kai ba.

Kafin su tashi yakan sa su yi alkawarin ba za su gaya wa na ƙasa da su ba. Suna kuwa riƙewa, ba don tsoron Malam ba, don kowa so yake ƙanensa ma ya ɗanɗana. Shekara ashirin da huɗu asirin nan bai fasu ba.

Sai aka kawo sabon shugaban makaranta, matashi mai tsafta, kullum da fayil a hannu. Ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya tarar da takardar wani uba da ya yi ƙorafin an bar masa ɗa da yunwa, ga shi kuma an ba makaranta sabuwar bas, ba wurin ajiye ta. Ya dubi filin Malam ya ga wurin zuba tsakuwa. Ya ce zai gayyato mai duba makarantu ran girbi, abin da ta yanke shi ke nan. A lokacin saura wa Malam shekara biyu ya yi ritaya, kuma ya san in aka zuba tsakuwar nan, darasin ya koma shafi ɗaya da rabi har abada.

"Ranka ya daɗe, kira ta," in ji Malam. "In ta ga fuskokin yaran nan lokacin da mai saye ya juya baya, ta kuma ce a zuba tsakuwa, ni zan ɗebo kwanon farko."

Da ya gaya mini a gida muna cin abincin rana, na ajiye cokali. "Malam, in abin ya ƙi fa?"

"Ya ƙi me? Tela, na san ɗan Adam in ya ji ƙanshin riba. Kakana ya faɗa, yara dubu sun faɗa, waɗannan ma sun riga sun faɗa. Je ki ga filin, auduga ce har bango."

Gaskiyarsa, daga bakin hanya auduga ce har bango. Abin da bai faɗa ba shi ne, tun da gwiwarsa ta fara ciwo ya daina shiga cikin kunyoyin gonar. A bakin fili yake tsayawa da sandarsa yana ba da umarni.

Ran girbi na kai tukunyata ofishin malamai, na zauna jikin taga inda nake hango komai. Mai duba makarantu ta zo, dattijuwa ce, ba fara'a, an sa mata kujera a inuwa, shugaban makaranta na tsaye kusa da ita. Yara suka tara auduga. Ƙanena ya iso, ranar har turare ya fesa. Ya taɓa auduga, ya girgiza kai, ya ce, "Ku yi haƙuri, masaƙa ta rufe. Bana ba a saye."

Malam ya ɗan gyara tsayuwa, ya saci kallon baƙuwa. Ni ma na leƙa in ga wa zai fara kuka.

Ba wanda ya yi. Sai monitar ajin, wata doguwar yarinya da suke kira Lauya saboda baki, ta ce, "To Alhaji, Allah ya kiyaye hanya." Ta juya ga 'yan uwanta. "Ku ɗauko fartanya."

Suka kutsa tsakiyar gonar, inda itacen auduga ya kai ƙirji. Muna jin sara. Jim kaɗan suka fara fitowa da dankali, kwando bayan kwando, manya-manya. Ashe kunya huɗu na tsakiya duk dankali ne, audugar gefe ta rufe shi. Har itacen gashi sun tara a bayan ɗakin maigadi. Ƙanena ya tsaya da ƙafa ɗaya cikin mota, ya rasa ko ya tafi ko ya zauna.

"Malam," in ji shugaban makaranta a hankali, "wannan ne darasin?"

Baƙuwa ta buɗe littafinta tana rubutu. Na ce shi ke nan, fili ya tafi. Na fito daga ofis ban ma san na fito ba.

Malam kuwa da faɗa ya fara. Ya buga sanda a ƙasa. "Wa ya tona? Wane maras alkawari ne ya gaya muku?"

"Ba wanda ya gaya mana komai, Malam," in ji Lauya. "Mu har yanzun nan mun ɗauka zai saya. Ranar da Alhaji ya fara zuwa ne na je gida ina murna, na ce wa Mama an samu mai saye, za mu cika fili da auduga. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, 'In bai saya ba, me za ku ci?' Na ce ai zai saya. Ta ce, 'Ni dai tambaya na yi.' Tambayar ta hana ni sakat, shi ne na kawo ta aji."

"Wace ce mamarki?"

"Ɗalibarka ce. Ta ce in ka tambaya in ce wadda ta jefi Alhaji da takalmi."

Ƙanena ya dafe ƙeya. "La ila! Na tuna ta. Hannunta ba ya kuskure."

"Noma take yi yanzu," in ji Lauya. "Ko me ya yi tsada, sai ta ware wurin abinci tukuna. Kawunnaina suna mata dariya."

Wata daga baya ta ce ita ma babanta haka ya tambaye ta, kalma a kan kalma. Wani ya ce shi yayarsa ce. Malam ya dube su, muryarsa ta sauka. Ya ce duk wanda aka yi wa wannan tambaya a gida ya ɗaga hannu. Na ƙirga da idona, hannu goma sha ɗaya.

Malam ya zauna a kan dutsen bakin fili. Ya fara dariya, dariyar ta zarce, sai na ga yana share ido da hannun riga. Kukan da ya yi shekaru yana nema a fuskar 'ya'yan mutane, ranar shi ya yi shi, ni ma na taya shi daga nesa. Sannan ya miƙe, ko sandar bai ɗauka ba, ya fuskanci baƙuwa.

"Ranki ya daɗe, na kira ki ki ga yara sun faɗa rami, ga shi sun ƙi faɗawa. Rubuta haka, kada ki rage. Amma ki ƙara da cewa waɗanda suka riƙe su, a filin nan suka yi tasu faɗuwar shekara ashirin da suka wuce. Ban taɓa yi musu jarrabawa a kai ba. Yau na ga sakamako."

Bai jira amsarta ba. Ya warware buhu, ya sa yara suka zauna, dankali na gasuwa a gefe, ya ba su labarin tun daga bankunan da suka rufe har zuwa kwaɗon da ke ƙofar sikeli. Ya zo kan gwaggonsa, wadda ba ta ga damina ta gaba ba. Lauya ta ce, "Malam, shekararta nawa?" Ya ce huɗu. Ta sunkuyar da kai tana kallon dankalin da ke hannunta.

Baƙuwa ta yi wa yara tambayoyi uku ko huɗu, yadda rufe masaƙa a wata ƙasa ke kashe wuta a murhun manomi, suka amsa mata har suna katse juna. Ta karɓi dankali guda ta ɓare da kanta. Da za ta tashi ta ce wa shugaban makaranta, "Bas ai ko a gindin bishiya sai ta kwana. Nemi wani wurin." Shi ma, a ba shi haƙƙinsa, ya ce to, har ya ci dankali biyu. Tukunyata ce kawai ta yi asara, kwana uku muna cin wake a gida.

Da aka tashi Malam ya nemi buhunsa ya rasa. Sai ga yara sun jawo shi, sun cika shi da sauran dankalin har baki, wai ladan noma. Na buɗe baki zan ce wannan tsumman ba zai ɗauka ba, ya harare ni na fasa. Ƙanena ya ce a sa a mota, ya ƙi. Da gwiwar nan tasa ya saɓa shi a kafaɗa, muka tako gida a ƙasa, yana tafe yana hutawa, facin gindi na ɓarkewa, ni ina biye ina tsince abin da ya zubo.

Ya sauke shi a ƙofar kicin, ya tsaya yana numfashi, hannunsa a kai.

"Tela," ya ce, "tun da aka saƙa buhun nan, yau ne ya fara shigowa gida da abinci."

Na juye dankalin a kwando, na ɗauko allura da zare mai kauri. Wannan facin ko ƙorafi ban yi ba.